Hannun Rahima a Takardar Madu

A'a, tsaya, kar ka ce mini inuwa. Kai Hizbullahi, ni za ka koya wa inuwa? Inuwa in rana ta faɗi tafiya take yi. Wannan takardar kuwa tana rataye a bangon nan tun kafin a yanke maka cibiya, har ka yi gemu ka sayi a-kori-kura, ba ta je ko'ina ba.

Ka ce Madu ba mai hoto ba ne tunda ba da kyamara ya yi ba, don haka ba za ka ƙona mai ka kai ni Gashua ba. To zauna. Buhunan barkonon ba gudu za su yi ba.

Lokacin da shagonsa ke nan Nguru, bayan tashar jirgi, kullum da hantsi za ka same shi ya share ƙofa, yana tace ruwan randa da ƙyalle, wai ruwan rijiyarmu kanwa ta yi masa yawa. Daga nan ya bi bangon ɗakin duhunsa yana toshe duk wata kafa da tsumma, sai ka ce mai faɗa da ɓera. Kyamara yana da ita, mai ƙafa uku. Da ita yake ɗaukar maza, masu neman fasfo da masu sabon keke. Mu kuwa 'ya'yan Goni ne, ni da uwarka Rahima. Kakanka ya ce fuskar 'yarsa ba za ta hau takarda ba, kuma shi ba a maimaita masa magana.

Madu bai yi gardama ba. Ya zo har zaure ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, in babu fuska fa? In hannu ne kawai?" Baba ya ja carbi ya ja, can ya ce, "Hannu ba ya kallon kowa."

Shi ke nan, matan gidajen malamai suka samu hanya. Matarsa Kaltum ce ke shiga ɗakin da mu, ta ɗaure jan ƙyalle a bakin tocila, ta shimfiɗa takarda ta ce, "Ɗora, kar ki yi ko numfashi." Shi yana bayan labule, hannunsa kawai zai zuro, ya ƙyasta ashana, ya kashe. Sai a tsoma takardar a farantin magani, ka ga baƙi yana tasowa ta ko'ina, ya bar hannunka fari tas.

Mu da wautarmu, sai da muka sha ƙunshi kafin mu je, hannu a cikin zunguru, ba tuƙi ba wanki. Lalle ko ɗigo bai fito ba. Kaltum ta yi ta dariya, ta ce takardar ba ta san kwalliya ba. Abin da ya fito, awarwaron gilashi da bakin gyale mai raga.

In babu masu zuwa, ba ya zama. Ya ɗora ganyen bado, ya ɗora ƙayar kifi da gashin tsuntsayen fadama. Wata rana ya shafa wa takarda man shanu kafin ya tsoma, wata rana ya bar ta a rana da zangarniyar shinkafa a kai har ta yi ja kamar goro. Mutane suka ce Madu ya taɓu. Amma da ɗan Suwaibatu mai fura ya rasu kafin a yi suna, ba ta da komai nasa sai 'yar hular saƙa, wajen taɓaɓɓen ta je. Ya ɗora hular. Duk zare ya fito, har inda allura ta kuskure. Ina tsaye a wurin. Ta rungume takardar da danshinta.

Da jirgi ya daina zuwa sosai, takarda ta yi wuya, ya kwashe ya koma Gashua. Ga kuma wayoyinku sun zo. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Kaltum ta aiko cewa ranar Juma'a zai rufe shagon, takardun da suka rage ba su kai yatsun hannu ba, kuma ba a kawo su kuma. Ya ce a ajiye ɗaya, ta babbar 'yar Goni ce. Tawa ta farko ruwan sama ya ci. Ina so in ɗora wannan tsohon hannun, a rataye shi kusa da na ƙanwata.

Madu, ko kana Gashua ka ji ni. Kai ne ka yi wa matan gari hoto ba ka taɓa ɗaga ido ka kalli ɗaya ba. Kai ne ba ka saɓa wa iyayenmu ba, kuma ba ka bar mu hannu wofi ba. Mai ashana ɗaya, mun gode. Allah ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka mana. Masu sana'ar yanzu, in an rufe muku ƙofa, ku je ku durƙusa ku tambaya kamar yadda ya yi, ku daina kumbura baki.

Me ka ce? Wai aikin ma bai yi kyau ba, yatsun sun fito bibbiyu?

Sauko da takardar. Ɗora hannunka a kai, kar ka ji tsoro. Nan tafinta ya kwanta, daidai girmansa, ba ƙari ba ragi. Wayarka daga nesa take leƙen mutum, wannan takardar kuwa uwarka ta taɓa ta. Watanta bakwai da cikinka ranar. Madu na ƙyasta ashana ka shure ta daga ciki, ta zabura ta ce "wash", ta fashe da dariya. Ya ce a sake, ta ce a'a, a bar wa yaron nasa. Ba ta rayu ta nuna maka ba.

Yatsu bibbiyun nan ba aikin Madu ba ne, naka ne. Ɗauko makullin mota.