Guntun Katakon da Ya Kai Ni Shinkafi

Ana idar da sallar asuba ranar Alhamis muka tashi daga Ƙaura, ni da ƙanena. Ba mu tayar da motar a gida ba, turata muka yi har bakin titi, don ban gaya wa kowa inda za mu ba. Na sani, mai gaskiya ba ya tura mota da ranta.

Masu bibiyata sun gaji da ganin hotonta: 404 ɗin mahaifinmu marigayi alƙali, wadda ta shekara da shekaru a bayan gida kaji na ƙwai a cikinta. Shekara huɗu ina kanta, duk Asabar da Lahadi da hutun makaranta. Ta tashi, ta yi kyau, sai aibi ɗaya. Da ta ɗauki zafi sai ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu, kuma ba ta tashi sai ta huce. Kanikawan garinmu sun canja filogi, sun wanke kafireta, sun duba lagireto. Na ƙarshensu ya goge hannu ya ce in haɗa da addu'a.

Mutum ɗaya ya rage mini, tsohon direban mahaifinmu, wanda muke kira Baba. Mutumin Dauran ne ta wajen Zurmi, amma rashin zaman lafiya ya tashe su, yanzu yana wurin 'yarsa a Shinkafi, idonsa ya tafi. A waya ya ce ba ya duba mota sai ya ji kukanta ya taɓa ta. Shi ba zai iya zuwa ba, dole ita ta je. To, hanyar Shinkafi hanya ce da ba a tsayawa a kanta, ni kuwa na ɗauko motar da ba ta da sana'a sai tsayawa. Na kuma ɗauko ƙanena, wanda aka yi sunan 'yarsa ta fari ko wata ba a rufa ba.

Na zaɓi Alhamis ne don ranar kasuwar Shinkafi ce, motoci na tafiya a ayari. A bakin gari muka tarar da su sun yi layi, ana jiran rana ta ɗaga jami'an tsaro su buɗe hanya. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan da muke saye uku naira ɗari ya koma biyu, kuma ya rame. Wani direban motar kaya ya zagaya 404 sau biyu yana girgiza kai.

"Malam, wagga motar biki za ta ko kasuwa? Mutanen daji ba su san tsohuwa ba, sheƙi sunka sani."

Kafin in ba shi amsa ƙanena ya tsuguna bakin kududdufi, ya ɗebo taɓo da hannu biyu ya shafa a ƙofa. Fentin da na yi wata uku ina gogewa da tsumma mai laushi! Na kau da kai, daga baya ni ma na ɗebo na taya shi. Babbar rigata da hula suka koma ƙarƙashin kujera.

Damina ta cinye kwaltar, ramuka cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Da can ganinsa daɗi yake sa ni, ranar nan kuwa kowace gona sai in ga kamar da mutum a ciki. Mun wuce ƙauyuka biyu da ba hayaƙi ba akuya, ciyawa ta rufe ƙofofi. Dokar hanyar ɗaya ce kuma kowa ya san ta: ka sa ido a kan motocin da ke tahowa daga gaba. In sun ɗauke, ka tsaya, akwai abin da ya tare su. Ƙanena na ƙirga masu tahowa, ni ina kallon allurar zafi tana hawa sannu a hankali.

Saura kaɗan mu kai Badarawa ta yi tarin farko. Na taka totur, ta yi na biyu, ta mutu. Na gangara da ita gefe.

Ayarin ya wuce mu mota bayan mota. Wasu suka ɗaga hannu, wani ya yi mana hon, ba wanda ya tsaya, kuma ban ga laifinsu ba. Da ƙarar ta ƙarshe ta ɓace sai wurin ya yi tsit, har ina jin injin yana ƙas-ƙas yana hucewa. Ƙanena, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya koma jan carbi da yatsu. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba don kaina ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne da wace fuska zan shiga gida in wani abu ya same shi saboda ƙarfe.

Geron ya motsa. Muka ja baya. Sai ga dattijo da fartanya a kafaɗa da goran ruwa a hannu, shi ma ya ja baya da ya gan mu. Muka yi sallama. Ya miƙo goran, na jiƙa tsumma na ɗora kan kafireta. Bai tambaye mu komai ba, ya dai tsaya tare da mu yana duban hanya har motar ta tashi a murɗawa ta huɗu. Ya ce mu tafi, kada mu tsaya godiya.

Shinkafi ta cika maƙil, shanu da raƙuma da baƙi daga Nijar, kamar ba a duniyar da muka baro ba. Muka sami gidan a wani lungu bayan kasuwa. Aka fito da Baba riƙe da sanda, ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya ce in tayar da motar. Ya karkata kai yana saurare.

"Ita ta. Muryatta ba ta sake ba."

Ya sa na kashe, ya jira ta ɗan huce, ya zura hannu cikin injin yana lalube kamar mai neman abu a aljihunsa. Yatsunsa suka tsaya a gindin kafireta.

"Ɗan Malam, ina katakon da nis sa nan?"

Na tuna da shi sarai. Wani baƙin guntun katako ne mai rami a tsakiya, na ciro shi tun shekarar farko, na ce aikin 'yan tasha ne, na jefa a murhu. Ina son komai ya koma yadda ya fito daga kamfani.

"Ba katakon banza ba na, ƙirya ta. Ita ka tare zahin inji kar ya dahwa mai. Waɗanda sunka ƙera ta ba su san ranar Zurmi ba, ni na sani. Kai ka yi boko, shi as sa kah hi ni wayo."

Ƙanena ya yi dariyarsa ta farko tun safe. Ashe rashin katakon ne ya sa kusoshin wurin suka yi mini tsawo, na yi ta ɗora wa kamfani laifi.

Aka kira kafinta, Baba ya kwatanta masa kauri da ɗan yatsa. 'Yarsa ta kawo mana fura da hoce, gashin garin dawa irin na can, na ci ne kawai don kunya, idona na kan rana, don ayari na juyawa da an yi azahar kuma ba ya jiran kowa. Kafinta ya yi ta fiƙe a natse kamar mai sassaƙa allo. Baba ya shafa ya mayar masa sau biyu. Ana kiran salla muka ɗaure noti na ƙarshe. Baba ya dafa sitiyari ta taga ya daɗe, sannan ya ce mu gaida gida, kuma kada in sake kawo ta wannan hanya ko da shi ne ya kira.

A dawowa ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, amma ban saki jiki ba sai da na hango gidajen Ƙaura. Na koyi cewa facin da ka tarar a kayan manya, ka tambayi dalilinsa kafin ka ɓamɓare. Darasi na biyu kuwa a ƙofar gida yake jirana.

Inna na zaune a zaure, inda ba ta taɓa zama ba, matar ƙanena na tsaye bayanta da jaririya. Wani ya gan mu a layin motoci ya kawo labari tun hantsi, kuma ba wadda ta sa komai a baki. Na fara bayanin cewa motar ta gyaru. Ko kallon motar ba ta yi ba. Ta kama hannun ƙanena ta riƙe, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ubanku ku yab bar mani. Bai bar mani mota ba."