Jan Biro da Shafin Keken Ɗinki

Shekara talatin da biyu ya yi a maɗaba'a yana farautar kurakurai kafin a buga littafi, shi ya sa har 'ya'yansa Jan Biro suke ce masa a bayan idonsa. Da ya yi ritaya sai hannunsa ya rasa abin yi. Ko takardar asibiti aka miƙa masa, sai ya gyara wa likita waƙafi.

'Yarsa ta fari ce ta ga abin zai haɗa shi faɗa da jama'a, ta zaunar da shi gaban tsohuwar kwamfutarta. Ta nuna masa wani kundin sani na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki, da manhajar da ke jero duk gyaran da aka yi nan take: kore idan an ƙara, ja idan an goge. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Kullum da ya karya kumallo zai gyara zaman tabarau, layuka na gangarowa kamar tururuwa. Idan mai ɓarna ne, ya mayar da shafin yadda yake. Idan sabon shiga ne, ya bar masa saƙo mai laushi, ya koya masa kawo madogara.

Wata rana da hantsi ja ya bayyana a shafin keken ɗinki. Wani da bai sa suna ba ya goge jimlar da ta ce a riƙa shafa wa bel ɗin keken mai. Ba dalili, ba madogara. Jan Biro ya mayar. Aka sake gogewa, ya sake mayarwa. Ana ta uku sai ga matarsa, wadda tela ce, ta fito daga ɗakin ɗinkinta da waya a hannu, tana mitar wani mai taurin kai da ke ta dawo da ƙarya. Ta ce duk wanda ya bi maganar nan bel ɗinsa zai yi ta santsi, keke ya ƙi juyawa.

Ya yi gyaran murya, ya ce ƙila mutumin hujja yake nema.

Ta leƙa allon kwamfutar, ta dube shi. "Malam, ashe kai ne? Shekara arba'in ina taka keke a gidanka, yau ni kake tambaya hujja?"

"Ni na yarda da ke. Masu karatu ne ba su san ki ba."

Ta koma ta zazzage durowar zare, ta zaro ɗan littafin da ya zo da keken, duk ya sha maiƙo, ta dire masa a cinya. Ga shi nan a shafi na tara: kada a shafa wa bel mai. Da hannunsa ya goge jimlar, ya sa madogara, ya rubuta ban haƙuri a inda kowa zai gani.

Yanzu ran Asabar takan jawo kujera kusa da shi, tana faɗa yana bugawa. Sun gama shafin allura, suna kan na almakashi.