Taken da na kaɗa wa mai yankan riɗi

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na kaɗa wa baƙo take a filin kokawar unguwarmu ta Hausawa a birnin Gadarif ba. Kwanan baya a shagon gahawa na ga ƙartin Japan a talabijin suna tureniya, mai sharhi yana cewa baƙi sun daɗe suna kayar da 'yan gida kafin a yarda a ba ɗayansu babban matsayi. Na tuntsire da dariya, na ce ashe cutar har can ta kai.

Ni makaɗin kokawa ne, gado na yi. A shekarun nan kwamitin unguwa ya sa mana ido sosai: wando sai ya wuce gwiwa, ganga kuma ta yi shiru kafin magariba. Duk da haka, da an gama kaɗe riɗi fili cika yake yi maƙil.

A wata kaka wani saurayi daga duwatsun Nuba ya zo yankan riɗi a gonakin garin Doka, inda ni ma nake ɗan taɓa aiki. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, ta biyun kuwa ƙarya yake yi. Ya shigo fili ya yi ta kwasar samarinmu, wanda duk ya kayar sai ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa ƙura. Ranar rufewa ya sunkuci sarkin kokawarmu ya ajiye shi kamar buhun dawa.

A al'adarmu, wanda ya kayar da sarki shi ake ɗaura wa ɗamarar sarauta, a kaɗa masa takensa ya zaga fili. Sai dattawa suka shiga ƙus-ƙus. Can babbansu, Alhaji, ya miƙe ya ce, "Ya jama'a, ƙarfi kam yana da shi, amma ba shi da take. Take gadon gida ne, wa ya san kakansa? Halas, shi ke nan, a ba shi rago ya tafi." Saurayin bai ji maganar ba, amma ya gane. Ya sunkuya yana neman takalmansa, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Sai Hajja mai tuyar ƙosai ta taso da matsami a hannu. "Kai Alhaji, ji tsoron Allah! Ba kai ne bara ka dawo daga neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kana share hawaye ba, don an ce ka kawo shaidar kakanka kafin a yarda kai ɗan ƙasa ne? Nan aka haife ka, nan aka haifi ubanka. Yau kuma kai ne mai tambayar kaka?"

Alhaji ya gyara rawani, ya juyo gare ni. "To, makaɗi, in kana da abin kaɗa masa, bismillah." Ya ɗauka ba ni da shi.

Ni kuwa duk kakar nan ina bayan yaron a gona, ina jin waƙar da yake yanka riɗi da ita har ta zauna min a kunne. Ita na ɗora a kan ganga. Ya saki takalmi, ya ɗago kai, ya buga tsalle da ihu. Abokan aikinsa suka ɓarke da rawa, matanmu suka amsa da guɗa. Sarkin da aka kayar da kansa ya kwance ɗamarar ya ɗaura masa. Ɗan kwamitin da ya zo hana mu wuce lokaci, shi na hanga yana tafi. Ban taɓa jin daɗin sana'ata irin na ranar ba.

Saurayin bai koma ba, a unguwarmu ya yi aure. Yau ɗansa ake kaɗa wa taken nan, samari kuwa har rantsuwa suke yi wai gadon kaka da kakanni ne. Ba na musa musu. Abin da na koya dai shi ne kowane gado akwai ranar da aka fara shi, kuma tun daga ranar ban sake tambayar asalin mutum kafin in kaɗa masa ganga ba.