Jiran Iso a Ƙofar da Take Buɗe

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da kawuna, a bayan wani ɗan kabu-kabu wanda na rantse babur ɗinsa ya girme ni. An yi shela cewa ƙaramar hukuma za ta yi zaman jin ra'ayin jama'a, kuma a nan za a tsai da ƙauyen da za a gina wa ɗakin haihuwa. Kawu na da magana a bakinsa. Bara da damina ɗiyarsa ta rasu tana naƙuda a kan amalanke, kafin a kai bakin kwalta.

Hanyar fadama kuwa, ramukanta sun isa kiwon kifi. Da muka fito titi sai muka samu motar 'yan albasa, aka cusa mu tsakanin buhuna. Kuɗin mota ya tashi, har na tambayi direba ko Makka zai sauke mu. A tasha na sayi ƙosai, kowane ɗaya bai fi maɓallin riga ba. Kawu ko taɓawa bai yi ba.

Da hantsi muka isa sakatariya. Ƙofar zauren a buɗe, ana jin amon lasifika daga waje, amma ba a gane abin da ake faɗa. To mu tarbiyyar ƙofar hakimi gare mu: ba ka faɗa wa manya sai an yi maka iso. Muka tuɓe takalma, muka zauna gindin dogonyaro. Duk mai babbar rigar da ya wuce sai mu rusuna mu gaishe shi, ya ɗaga hannu ya shige. Na gaida mutum ya kai dubu, har da wanda ya zo gyaran fanka.

Sai da azahar ta yi jama'a suka watse. Wani masinja ya tsaya a kanmu.

"Baba, mi kuke jira nan tun ɗazu?"

"Iso muke jira, ɗana," in ji Kawu, ya faɗa masa garin da muka fito.

"Iso? Wanga zaure ai na kowa na. Bencin baya can domin ku anka aje shi. Sau uku anka kira sunan garinku, ba wanda ya amsa."

Ya ce an ba da ɗakin haihuwar ga wani ƙauye da mutanensa suka cika benci biyu. Zama na gaba sai baɗi.

Muka kama hanyar komawa. Na yi hawaye, na ɗora wa albasa laifi. Tafiyar ta koya min cewa ba wanda ya kore mu, amma kuma ba wanda ya taɓa gaya mana zauren namu ne. Ladabin da muka gada shi ya tsare mu a waje.

Da la'asar sakaliya muka shiga gida. Matar ɗan Kawu ta kawo mana ruwa, cikinta ya tsufa, da ƙyar ta durƙusa.

"Baba, an ba mu?"

Kawu ya daɗe yana duban kwanon ruwan.

"Ba mu shiga ba, ɗiyata."