Ciwon Hannun Hagu

Shekaru kaɗan kafin a sami mulkin kai ina aikin malamin dabbobi, ina zaune a Makarfi, ina zagaya rugage tun daga Gubuci har Kudan, wani lokaci har Ikara. Aka ba ni babur, tsoho ne, wani Bature ya gama cin ƙuruciyarsa. Duk da haka in na tayar da shi sai an leƙo ta kan katanga. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na yi kwas a Zariya, in na dubi saniya daga nesa sai in faɗi abin da ke damunta, wani lokaci ma in dace.

Da damina ta yi nisa sai hannuna na hagu ya soma ciwo. Yatsu su sage, wuyan hannu ya yi tsami, in na dawo gida ko buta ba na iya ɗauka da shi. Na zauna na yi nazari irin na mai ilimi, na yanke cewa sanyi ne ya kama ni. Mai ɗakina ta dafa mini saiwoyi, na sha. Ta shafa mini man shanu da citta. Wanzami ya zo ya kafa mini ƙaho har sau biyu. Wajen wata guda ina wannan jinya, kullum kuma da safe in hau babur in yi ta kokawa da hannun kuloci kamar mai matse wuyan bijimi, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Na san ya yi tauri, amma ina cewa raunin hannuna ne ya sa nake jin haka.

Ranar kasuwar Makarfi na tsaya wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin ɗorawa, don ya ƙara mini iska. Bayan mun gaisa, ya kama babur zai gyara masa tsayuwa, hannunsa ya faɗa kan kuloci. Ya matsa, ya sake matsawa, sannan ya dube ni.

"Malam, da wannan kake zuwa Kudan?"

Na ce e, da shi nake zuwa. Na ƙara da bayanin cewa ciwon sanyi nake fama da shi.

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. To ni ma ga shi ya kama ni yanzu."

Kunya ta sa na koma surka magana da Turanci. Na ce lalle faifan da ke cikin inji ne suka lalace, sai an buɗe, kuma wannan ba aikin masu keke ba ne, sai Zariya. Bai yi musu ba. Ya ce gaskiya ne bai taɓa buɗe cikin babur ba, amma ya ga waya ce ke jan kulocin, waya kuwa ya san ta tun kafin in yi kaciya. Ya nemi izini ya duba iyakar abin da ya sani.

Ya tsuguna ya zare ƙarshen wayar daga jikin inji, ya bar ta tana lilo. Ya ce in matsa. Na matsa, taurin yana nan yadda yake.

"To Malam, yanzu ba ta jan komai. In da ciwon a ciki yake, ai da ta saki."

Ya bi wayar da yatsa daga sama, a hankali, har ya iso gaban tanki. Nan ya tsaya. Akwai akwatin allurai da nake ɗaurewa a wurin, na ɗaure shi da igiyar rama tamau don kada kwalabe su fashe. Igiyar ta haɗa da wayar ta lanƙwasa ta, har rigarta ta tsage, ruwan sama yana shiga. Ya tambayi wanda ya yi wannan ɗauri. Na ce wani ne a ofis.

Ya ce, "Ya iya ɗauri."

Ya kwance, ya zaro zaren ƙarfen daga cikin rigar. Ya yi ja da tsatsa, sili ɗaya ya tsinke ya miƙe kamar ƙaya. Ya datse shi da filaya, ya wanke sauran da kananzir, ya rataye rigar a reshe ya riƙa ɗiga mata mai har ya ɓullo ta ƙasa, da fari baƙi, daga baya garau. Ya naɗe tsagar da ƙyallen roba, ya mayar da komai, ya bi da wayar ta inda babu kwana, ya bar ɗan sako-sako a hannun. Duk aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

Na hau na tayar. Hannun da ya saba da kokawa ya damƙi kuloci da ƙarfin da, ya ji babu komai, ya firgita ya saki gaba ɗaya. Babur ya yi tsalle, na tsinci kaina a kwance cikin tulin raken wani mutum. Mai raken ya tashe ni yana yi mini sannu, dattijon kuma ya juya baya yana neman wani abu a cikin kayan aikinsa, ya daɗe bai same shi ba.

Bayan mako biyu, hannuna ya warke sarai, na iske wani malamin auduga a Taba yana tura babur, ya ce kuloci ya ƙi. Na tuɓe riga, na zare wayar daga inji, na ce ya matsa, da murya irin ta wanda ya gaji sana'ar. Na gyara masa a gaban jama'a. Labari ya bazu cewa malamin dabbobi har injin Turawa ya sani, ma'aikata suka riƙa kawo mini baburansu gida ranar Lahadi. Wani ya tambaye ni inda na koya, na ce a Zariya. In zan wuce ta gindin ɗorawar nan kuwa sai in ƙara wuta, in ɗaga hannu daga nesa. Dattijon yakan ɗago nasa, ya ci gaba da liƙin tayarsa.