Filinmu Mai Gangare

Ranar Asabar ce, sati guda kafin Ista, shekarar da nake aji shida a firamare, Babana ya fito daga gida da garma a kafaɗa, ya ratsa tsakiyar filin ƙwallonmu, ya jingine ta a jikin gorar da muka kafa a matsayin gola. Bai gai da kowa ba. Ya nemi wani dutse ya zauna, ya ciro asawakinsa ya hau goge haƙori. Ruwan farko ya riga ya sauka a Kagoro a satin nan, ƙasa sai ƙamshi take yi, kowa na gyaran gona. Mu kuwa muna tsaye ba takalmi, muna jiran 'yan kwatas ɗin reluwe da za su zo daga Kafanchan su buga da mu. Duk wanda ya ga garmar nan ya san me ta zo yi.

Filin na Baba ne. Saura ce da ya bari ta huta, mu yaran unguwa muka tone kututture, muka kwashe duwatsu a kwando, muka ja layi da toka. To a shekarar nan citta ta yi daraja, kowa haukanta yake yi, har bayan ɗakin girki mutane suke shukawa. Da safiyar ranar, muna shan koko, Baba ya ce mini: "Ishaya, kun daɗe kuna shuka ƙwallo a gonata, ko kwando ɗaya ban ga kun kawo gida ba. In yaran gari suka ci ku a kan ƙasata, ran Litinin zan sa garma daga wannan gola har waccan." Shi ba ya faɗin magana ya dawo ya gyara. Mama kuwa sai ta ƙara mini ƙosai.

Sai na faɗa muku yadda filin yake, in ba haka ba ba za ku gane ba. A gindin dutse yake, kuma ba a miƙe yake ba. Gola ɗaya tana sama, ɗaya tana ƙasa. In ka ajiye ƙwallo a tsakiya ka juya baya, a gonar rogon maƙwabcinmu za ka je ka ɗauko ta. Saboda haka mu ba ma cewa zagaye na farko da na biyu. "Hawa" muke cewa, da "gangara". Baƙi in sun zo dariya suke fara yi, wai wannan ba fili ba ne, hanyar akuya ce. Mu ba ma musu. Barinsu muke yi su zaɓa.

Hawa kuwa ba baƙonmu ba ne. Babbar gonarmu a can saman dutse take, inda kakanninmu suka zauna kafin a sauko. Ana tashi daga makaranta za ka cire yunifom, ka kwashi tuwon jiya, ka kama hanya. In kaka ta yi ka sauko da damin acca, in rani ne itace, in lokacin shuka ne ka hau da buhun iri a ka, wuyanka na rawa. Hanyar ba ta da tausayi, wani wuri sai ka kama saiwa da hannu. A sama iska sanyi gare ta, tana shiga ƙirji kamar ruwan randa, kana hango jirgin ƙasa yana jan ciki zuwa Kafanchan kamar tana. Mun tsani dakon nan, kuka muke yi da shi. Abin da ke rage mana zafi shi ne Bello, yaron rugar Fulani da ke kiwo a can sama. Da ya hango mu sai ya yi fito, mu ajiye kaya mu yi tsere zuwa gindin wata ɗorawa. Ban taɓa riga shi ba. Yakan ce da ni, "Kai Ishaya, maraƙina ya fi ka numfashi." A ƙarshe muka ja shi cikin tim ɗinmu, ranar wasa ƙanensa ke riƙe masa shanu.

'Yan reluwe suka iso a bayan wata a-kori-kura, jesi iri ɗaya, kowa da but mai haƙora. Kyaftin ɗinsu, wani dogo mai gashin baki tun a firamare, ya kalli ƙafafunmu ya ce, "Ina 'yan wasan? Ko da biran dutsen nan za mu buga?" Aka jefa kwabo, ya faɗo nasu. Ya dubi filin sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya ce su za su fara da gangara. Bello ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ya zaɓa mana."

Ban ce abin ya zo da sauƙi ba. Sun iya ƙwallo, gaskiya ce. Suka yi ta zubo mana kamar ruwan kwari, kafin hutu sun ci mu biyu, golanmu ya fasa leɓe. Na saci kallon Baba, sai na ga ya ajiye asawaki, ya jawo garmar yana gwada kaifinta da babban yatsa. Amma da aka juya, gangara ta zama tamu, su kuma dole su hau. Sun riga sun ƙarar da ƙarfinsu wajen sauka a guje da komawa, but ɗinsu ya ɗauki laka ya yi nauyi. Ba a jima ba suka fara dafa gwiwa, harshe a waje, dogon nan yana neman ruwa. Mu kuwa lokacin ne jikinmu ya yi ɗumi. Bello ya ci ɗaya, ya sake cin wani, ko haki ba ya yi. Na ƙarshen ni na ci, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, da ƙwauri na ci shi, ƙwallon ta gangara da kanta ta wuce golansu yana zaune a ƙasa. Ci dai ci ne.

Baba ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya saɓa garmarsa. Da ya zo wucewa ta gabanmu bai yi dariya ba, cewa ya yi, "Litinin akwai kaya a sama. Kada wanda ya ce mini ƙafa na ciwo." A shekarar nan a saman dutse ya shuka cittarsa, mu muka hau da irin, ba wanda ya yi ƙorafi. Har ya bar duniya garma ba ta taɓa filin nan ba.

Abin da garmar Baba ta bari, katafila ce ta zo ta ci. Ni karatuna a fom tu ya tsaya, gyaran babur nake yi a bakin titi, don haka ranar da aka kira taro aka ce za a gina wa al'umma filin wasa na zamani, ba a ba ni lasifika ba. Masu manyan riguna suka yi Turanci, yayyena suka yarda, aka tafa. An baje gangaren, an shuka ciyawa, an ja katanga, an sa ƙofar ƙarfe. Ya yi kyau, ba zan hana shi kyau ba. Yanzu wani kulob ne ke kawo 'yan wasansa su yi sati a nan, da safe a kwashe su a bas a kai su gindin dutse su haura shi a guje, kowa da gorar ruwa, koci yana busa usur, wai suna neman iskar sama don huhu ya buɗe. Ɗana ya nuna mini a waya cewa haka manyan 'yan gudu na duniya suke yi. Na ce masa mu dako muke kiran abin nan, kuma da buhu a ka muke yinsa. Su Bello kuwa sun tashi tun wani rikici da ba na son tunawa, ban san ƙasar da yake kiwo yanzu ba.

Kwanan baya ɗan nawa ya ɗauki ƙwallonsa ya je ƙofar filin, maigadi ya ce ba a shiga sai da kati. Ya dawo ya zauna a bencin shagona yana share ido da riga. Ban je na yi rigima ba, na san inda za ta ƙare. Washegari Asabar na rufe shago, na ɗaure masa ƙaramin buhun taki a ka, muka kama tsohuwar hanya. Gwiwata ta yi ƙara, shi ma ya yi kuka irin nawa na da, amma ya kai gindin ɗorawar kafin ni. Daga nan muka hango filin a ƙasa, kore shar, a miƙe, ba kowa a ciki.

Dutsen dai har yanzu ba su sa masa ƙofa ba.