Disket ɗin Inna Saratu

"Babu kome a ciki. A goge?" Abin da ordinater, wato kwamfuta, ta rubuto ke nan da Faransanci, ranar da Inna Saratu ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini disket, ɗan faifan ajiyar rubutu.

A biron aikin gona na Tanut ne, ofishin da nake aiki, ƙarshen shekarun tamanin. Daga Gangara ta zo. Marigayi mijinta, ma'aikacin coci, ya buga waƙoƙinsa a wata na'ura a Damagaram, ya ajiye su a wannan disket.

Na ce, "Inna, na'ura ta ce fanko ne."

Ta ce, "Ɗana, baƙon da ya yi sallama da Fulatanci ba bebe ba ne. Ka tambaye shi ɗan ina ne?"

Sashen da ke duba disket a na'urarmu amsa biyu ya sani: irin tamu ce, ko fanko. Na zauna na ƙara masa aiki, ya leƙa farkonta ya faɗi irin tsarinta. Inna tana gyangyaɗi a inuwar itacen bedi, ina hangen raƙuma ta taga suna wucewa a hankali.

Wajen la'asar ya faɗi sunan tsarin. Da na gane shi, buɗewa ba ta yi wuya ba. Koren rubutu ya cika allo.

Na karanta mata layin farko. Ta lumshe ido ta ɗauki sauran da ka, tana rerawa.

Har yau nakan ji muryar nan. Ku fa, wace murya ce take dawo muku?